Keken Ɗinkin Boniface

Sabon Gari, Kano
2 ga Maris, 1954

Zuwa ga Inna Gumsu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mutanen gida kuna lafiya. Bayan haka, Inna, ina cikin damuwa.

Wata biyu ke nan da na gama makaranta aka ba ni kula da ajin ɗinki na majami'armu. Mata tara ne, huɗu sun rasa mazansu a tarzomar Mayun bara. Na ɗauko tela daga Fagge, Malam Isyaku, ya zo da kekensa yana koya musu.

Jiya ina zuba wa keken mai, sai na ga lambarsa. Ita ce a takardar sayen keke da Philomena, ɗaya daga cikin matan, ta taɓa nuna mini. Keken mijinta Boniface ne, wanda aka kashe a shagonsa. Sau uku na duba.

In na gaya wa 'yan sanda, za a kama Malam, aji ya watse. In na yi shiru, na ci amanarta. Yaya zan yi?

Ɗanki,
Gana

Biu
12 ga Maris

Gana ɗana,

Muna lafiya, mun gode Allah. Kai da dube-dubenka! Ƙarfe ka duba sau uku, matar fa sau nawa? Kada ka je ko'ina tukuna. Je ka zauna da ita, ka kama bakinka, ku yi addu'a. Kuma ka riƙa cin abinci.

Allah ya tsare,
Gumsu

Sabon Gari
26 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa. Ashe tun ranar farko Philomena ta gane keken, da ƙararsa kawai. Ta ce tun daga ranar, in an zo wurin yafe wa masu laifi a addu'a, sai bakinta ya ƙi buɗuwa.

Ita ta ce a kira Malam. Jiya da hantsi suka haɗu a gabana. Ta ce, “Malam, keken nan ya san ni.”

Ya zauna a ƙasa, ya ce, “Allah shaida, ban taɓa mijinki ba. Amma ni na ɗauka, shagon yana ci da wuta. Wata goma ina tsoron in tambayi mai shi.”

Ban iya tabbatar da maganarsa ba. Minti goma sha ɗaya suka wuce, na duba agogo. Sannan ta ce, “Tashi, Malam. Ba ka gama koya mini wuyan riga ba.”

Ba ta ce ta yafe ba. Ban je wurin 'yan sanda ba.

Ɗanki,
Gana

Sabon Gari
5 ga Afrilu

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Malam Isyaku ya ɗauki keken a kansa, da rana tsaka, har ƙofar Philomena. Aji yana nan, ya aro wani keken wurin ƙaninsa.

Jiya a majami'a, lokacin sujada, na tsaya bayanta, da niyyar in ga ko za ta kai ƙarshen addu'ar nan. Ban sani ba, Inna. Da aka zo wurin yafewar, ni ma idona a rufe yake.

Ina cin abinci. Ki huta lafiya.

Ɗanki,
Gana