Ƙarar da Aka Kai Kaka a Kan Akuya

Zuwa ga jikata, Shugabar Jakuna da Awaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, jakunanki ma duk suna lafiya. Mu ma nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ba ta da lauya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kawunki ne ya ce min ku masu karatun lauya ba kwa jin magana sai a rubuce, shi ya sa na nemo biro na zauna. In kin ga layi ya karkace, ki tuna ajin da na tsaya bai kai naki ba.

Labari ya iso ni. An ce kun kafa ƙungiya a jami'a ta kare haƙƙin dabbobi, kuma ke aka ɗora a kai. Madalla. An ce duk wanda ya ga ana zaluntar dabba sai ya buga muku waya, ku je ku duba, ku gaya wa mai ita abin da doka ta ce, in ya ƙi ji ku rubuta wa hukuma. Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wurin taronku. Ashe gidan kakarki ta wajen uba, Mai Bene, can kuke zama duk Asabar, can kuma kuke ajiye dabbobin da ake jinya. Asabar ɗin nan fa tawa ce tun kina firamare. Ranar kike zuwa ki kankare min ƙanzon shinkafa, ki haye gadona ki bar ni a tabarma.

Kawunki ya nuna min hoto a wayarsa. Ga ki kin rungume wuyan wani jaki mai gyambo a baya, kina kallonsa kamar ke kika haife shi. Ga Mai Bene a gefe ta sha tabarau tana washe baki, matar da ko kyanwa ta gani sai ta tattare zani. Ni da na goya ki har bayana ya ƙage, na manta rabona da irin wannan runguma. Na san tsakar gidanta ya fi nawa faɗi, amma lokacin da kika yi ƙyanda ba faɗin gida ne ya yi jinyarki ba.

Af, akuyar nan tawa tana gaishe ki. Kwanan nan igiyarta ta gajarce ƙwarai, ban san yadda aka yi ba. Maƙwabciyata matar tela ta leƙo ta katanga ta gani, ta ce abin ya ba ta tausayi, har ta karɓi lambar ƙungiyarku a wurin kawunki. Ni dai ba ruwana.

Ki huta lafiya.
Ni ce kakarki ta ainihi.

*

Zuwa ga jikata mara kirki,

Ina gaishe ki duk da haka. Yaya karatu, yaya gajiya? Allah Ya sa kina lafiya, amin.

Wace irin doka ce wannan kuka rubuta wa kanku? Ranar Asabar tun da safe na share gida, na ɗora girki, na ɗaura zanin da kika ce yana mayar da ni yarinya. Da na ji sallama sai na kifar da ruwan akuya, na tura kwanon bayan turmi, na je na buɗe ƙofa da fara'ata. Sai ga wani dogo mai jaka a kafaɗa da 'yan mata biyu. Na leƙa bayansu har bakin titi, babu ke.

Dogon ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi ne mataimakinki. Na tambaye shi ina shugabar. Sai ya ce a tsarinku, in aka kawo ƙarar ɗan'uwan wani ɗan ƙungiya, dole ya cire hannunsa: ba zai taka gidan ba, ba zai yi maganar da kowa ba, har sai an rufe batun. Wai ke da bakinki kika kawo wannan doka ranar da aka zaɓe ki. Na ce masa to ai ni kakarta ce. Ya ce, ai Kaka, dalilin ke nan.

Suka auna igiya da tef irin na tela, suka buɗe bakin akuya suna duba haƙora. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta shafa bayanta ta ce ita fa ba ta taɓa ganin dabbar da ake zalunta tana sheƙi haka ba. Nan na ga wasan zai watse. Sai na yi tunanin ƙaramar magana ce ake turo wa mataimaki, in ta yi girma dole shugaba ta zo da ƙafarta. Na ɗaure fuska na ce musu ruwa sai na ga dama nake ba ta, dusa kuwa ba ta san ɗanɗanonta ba, in ta dame ni da kuka ga muciya nan. Allah Ya yafe min, akuyar tana kallona.

Dogo ya yi ta rubutu. Daga nan ya ce in na yarda za su tafi da ita a kula da ita na ɗan lokaci. Na tambayi wa ke ba da izinin mayar da dabba gida, ya ce shugaba. Ai kuwa na karɓi biro na sa hannu da sauri. Sai da suka ɗora ta a motar kaya za su tashi na tambaye su ina za a kai ta.

Gidan Mai Bene! Ta riga ta same ki, yanzu kuma ga akuyata. Girkin ma su Dogo ne suka cinye, har ya nemi ƙari.

Kakarki da aka yi wa fashi da rana.

*

Zuwa ga 'yar lelena,

Gaisuwa da fatan kin koma ɗakinki lafiya jiya, kuma kin ci abinci, don na ga wuyanki ya yi tsawo.

Ba ki tambaye ni abin da ya kawo ni taronku ba, to ga shi a rubuce. Mai Bene ta buga min waya, wai jaje take min. Ta ce akuyar ta ƙi cin komai a gidanta, sai kuka. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, ashe akwai mai amana a zuriyar nan. Amma sai ta ƙara da cewa ita tausayinki take ji, don wasu 'yan ƙungiya suna cewa shugabar da ake dukan dabba da muciya a gidan kakarta ba ta cancanci kujera ba, za su zauna a jami'a su sauke ki. Ta faɗa da wata murya mai zaƙi, kamar tana miƙo min shayi. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Shi ya sa kika gan ni da matar tela da doguwar igiyar akuya ta gaskiya a cikin leda. Ajin naku ma sai an hau matakala, ga fanka tana ƙara kamar injin niƙa. Na ga allo cike da ƙararraki: karen da aka bari da sarƙa a rana, kajin da ake rataye su kai ƙasa a bayan babur, jakin mai ɗibar yashi. Sunana a ƙasan su duka. Na neme ki a kujerar gaba, sai na ga Dogo a kai, ke kina can baya kusa da taga, kin sunkuyar da kai.

Kin ji abin da na faɗa, cewa duk ƙarya na shirya, ban taɓa zaluntar akuyar ba. Matar tela ma ta ba da shaida cewa ni na tsara mata abin da za ta ce a waya, har ta ƙara da cewa da Dogo ya tafi na zauna ina kuka a turken akuya. Wannan ban sa ta ta faɗa ba. Da yarinyar nan mai shafa bayan akuya ta tambaye ni dalili, na ce na lura sai mai ƙafa huɗu kuke ziyarta, ni kuwa biyu gare ni, ɗayar ma ba ta da lafiya. Aji ya kwashe da dariya. Na waiwaya in ga taki, sai na ga kin rufe fuska da mayafi, kafaɗunki suna rawa, kuma na san ba dariya ba ce.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne maganar Dogo a ƙarshe. Ya ce Asabar ɗin da suka ɓata a gidana, jakin mai yashi ne ya kamata su je wa, kuma kafin su samu zuwa gyambon ya ƙara ci. Bai ɗaga murya ba, yaron yana da tarbiyya. Ki gaya wa jakin ya yi haƙuri.

Na ƙirga hannuwan da aka ɗaga, na ga kujera ta tsaya a hannunki, an rufe batuna. To yanzu wace doka ce ta rage?

Kakarki, tsohuwar mai laifi.

*

Zuwa ga Shugaba, ranki ya daɗe,

Ina fata kin isa lafiya, mota ba ta wahalar da ke ba.

Na gode da zuwa da kuma dawo min da akuyata. Amma kada ki zaci ban gani ba: ina leƙe ta labule, sai da kika ɗaure akuya, kika zuba mata ruwa, kika sosa mata kunne, sannan kika ce ina tsohuwar nan take. Na bar ki da Allah. Faɗan da kika yi min kuwa na karɓa, har da wanda kika haɗa da turanci. Abin da ban zata ba shi ne kina tsakiyar faɗa ki jingina da kafaɗata barci ya kwashe ki, bakinki a buɗe kamar lokacin da kike aji ɗaya. Hannuna ya mutu, na ƙi motsawa har la'asar. Ki tambayi Mai Bene ko an taɓa yi mata haka.

Kin ce taro ba zai tashi daga gidanta ba saboda fili. Na ji, ban musa ba. Ta riƙe jakunan.

Sai dai kawunki ya ce tun jiya kike zazzage jaka kina neman hatimin ƙungiya, wai takardarku ta zuwa hukuma ba ta fita sai da shi. Ki kwantar da hankalinki. Ya faɗo ne kina barci, ni kuma na adana miki shi wurin da ko ɓera bai sani ba. Kawunki ya ce in ba shi, na ce ban san zancen ba. Kada ki turo min Dogo, ya fiye ci.

Ranar Asabar ƙofa a buɗe take. In kin shigo, ɗakina ne na farko a hannun dama. Turken akuya yana can ciki, ba gudu zai yi ba.

Ni ce taki har kullum,
Kaka.