Soson da na sa a ƙarƙashin faranti

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a ɗakin gwaji. Aikina: in zuba ƙwayar hatsi ashirin a kan ƙaramin faranti, kaza ta sara, na'urar da ke ƙarƙashi ta aika ƙarfin kowane sara zuwa kwamfuta. Kaji ashirin ne. Goma a kejin waya zalla, goma a keji mai yashi. Dakta, shugabar binciken, tana zaton masu samun wurin tono ba sa sara da ƙarfi. Mama ta ce shekara huɗu a jami'a ashe don in auna bakin kaza ne.

Juma'a, 7 ga Maris

Na gama da 'yan kejin waya. Matsakaicin sara, giram 310. Kaza Lamba Bakwai ta sare ni a yatsa. Dattijon da ke kula da kajin, wanda kowa ke kira Sarkin Kaji, ya ce in rubuta wannan ma giram nawa ne.

Litinin, 10 ga Maris

Farantin yana zamewa. Na yanko soso siriri na sa tsakaninsa da na'urar, ya zauna daram. Na ɗora ƙarfen awo mai giram ɗari, ta nuna ɗari cif. Ban faɗa wa kowa ba. Abin bai kai a dami mutane ba.

Laraba, 19 ga Maris

'Yan yashi, giram 190. Dakta ta riƙe takardar tana murmushi, ta ce da wannan za ta je taron masana ranar 4 ga Afrilu, kuma sunana zai hau kan rahoton. Na kira Yaya na faɗa masa tun kafin in kai bakin titi.

Litinin, 24 ga Maris

Na wanke soson, kafin ya bushe na gwada Lamba Goma Sha Biyu, 'yar yashi, ba tare da shi ba. Ita da ta ba ni 185 makon jiya, yau 305. Na maimaita sau uku. Ƙarfen awo zama yake yi a hankali, nauyinsa duka yana isa. Sara kuwa bugu ne, soso yana shanye shi. Wannan tun a aji biyu na jami'a aka koya mana.

Ba yashi ba ne. Ni ce.

Talata, 25 ga Maris

Ban faɗa ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinta. Na biyun ta leƙo, sai na ce biro nake nema.

Laraba, 26 ga Maris

Sarkin Kaji ya tarar da ni ina juya soson a hannu. Ashe ya gan shi tun ranar da na sa, ya ɗauka umarnin Dakta ne. Na gaya masa komai. Ya gama share kejin tukuna, sannan ya ce, "'Yata, a ji daga bakinki a ɗakin nan ya fi a ji daga bakin baƙo a gaban taro."

Alhamis, 27 ga Maris

Na ajiye soson a kan teburinta. Na ce, "Ranki ya daɗe, lambobin 'yan yashi ba gaskiya ba ne." Na yi bayani kaina a ƙasa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi: me ya sa ban rubuta shi a littafin aiki ba? A gabana ta buga waya ta janye daga taron.

Za a sake komai daga farko, da faranti da aka kafe da ƙusa. Ban gaya wa Yaya ba tukuna.

Litinin, 31 ga Maris

Ko kujera na matsar, sai na rubuta.

Alhamis, 10 ga Afrilu

'Yan yashi 295, 'yan waya 308. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma haka za a rubuta.

Yau Dakta ta matsar da fitila kusa da kejin don ta ga da kyau. Na ce mata haske zai iya sauya yadda suke sara, ko dai ta mayar ko mu rubuta. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta mayar.

Duk da haka na zauna na rubuta a littafin aiki.