Rukunin Masu Takaba

Litinin da dare, Galtimari

Yau na koma ofis bayan takabar Malam, da faɗana a baki. Tun a Keke Napep nake tsara abin da zan gaya wa shugabanninmu. Dokar hedikwatarmu ta Legas ce: ma'aikacin da ya yi wata uku bai shiga kwamfutar kamfani ba, sai na'ura ta goge sunansa da fayilolinsa. Wanda ya rubuta ta bai san wata huɗu da kwana goma ba, bai kuma tambayi kowa ba. Aikina na shekaru yana ciki.

Na buga lambar sirrina kamar madannan ne suka yi mini laifi. Komai ya buɗe, ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

Na nufi wurin Ngozi, mai raba izinin shiga kwamfutocinmu. Ta ce, "Anti Falmata, ranar gaisuwa na tambayi ƙanwarki yaushe za ki fito. Da na ga ya wuce wata uku, sai na buɗe rukuni a na'urar, na saka ki ciki, na sa masa suna Masu Takaba, na hana gogewar ta taɓa shi. Legas sun ƙi, na yi ta damun su har suka gaji."

Yarinyar nan Kirista ce, amma ita ta tambaya.

Na ce, "Mu nawa ne a ciki?"

"Ke kaɗai. Na fitar da ke da safe, amma rukunin na bar shi."

Faɗan nan na ajiye wa Legas. Rukunin kuwa, Allah Ya sa ya daɗe babu kowa a ciki.