Tabon Zoɓo a Kujerar Gidanku

Zuwa ga sanyin idanuna, ruwan farkon damina a busasshiyar gonata, Mashkura farin watan garin Turawa. Bayan sallama, ki karɓi gaisuwar zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun jiya.

Kin san wankin kujeru ne sana'ata, kuma ban taɓa jin ɗacinta ba sai jiya, da Babanki ya kira ni ina Rogo in zo in wanke sabuwar kujerar falonsa, mai yadin nan mai laushi da ake ce wa maikurofaiba. Na hau babur ina washe baki, wai ni zan yi wa surukina aiki! Ashe baƙin ciki na je ɗebowa da hannuna.

Tabon zoɓo ne ja wur a ɓangaren dama. A majingina kuma ga maiƙon man gashi, yana tashin turaren da duk Karaye ta san na Zaharaddini mai kemis ne. Haba Mashkura! Shekara biyu ina zuwa zance, tabarma kike shimfiɗa mini a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni kuwa ina jin ta fi mini kowane wurin zama a duniya. Kin tuna yammacin da ruwa ya tsuge, kika kifa mini faifai a ka, muna ta dariya? Ko a ranar ban ga cikin falon nan ba. Shi kuwa daga zuwa sai kushin, har da zoɓo mai ƙanƙara?

Kuma wa ya ce miki ana sa wa irin wannan yadi omo da ruwa? Na ga inda kika dirje shi, tabon ya bazu ya yi zobe kamar bakin kududdufi. Ɓoyewa kika so yi, ko? Na fesa sifirit, na riƙa dannawa da farin soso a hankali, jan yana fita, idona yana ƙara ja. Da ya bushe na bi shi da buroshi, wallahi ji nake kamar mutumin nake kankarewa daga garin nan.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne shatin lallenki, yatsu uku, a kushin na kusa. Na auna da hannuna, tsakaninku bai kai kamu ɗaya ba. Kamu ɗaya, ya hasken raina! Na kasa goge shi, sai na kifa kushin ɗin kawai.

Ina haɗa kayana Baba ya sa mini albarka. Ya dube ni cikin ido ya ce ranar Juma'a manyan Zaharaddini za su zo gaisuwa, amma shi ba zai bayar da ke ba sai ga wanda kika ambata da bakinki. Ni da hannuna na gyara musu wurin zama! Sai a hanya na gane ba don tabo ya kira ni ba.

Na yi nawa wajen turo manyana, na yarda, laifina ne. Manyana, Kawu Hamma da Malam Nuruddeen, za su taso daga Ruwan Bago ranar Alhamis neman aurenki. Ki ambaci sunana, Mashkura, don girman Allah. In kuwa shi kika zaɓa, alfarma ɗaya nake roƙo: duk ranar da kujerun ɗakinki suka yi datti, ki nemi wani mai wankin.

Naki, ba na kowa ba, har numfashina na ƙarshe,
Hafizu.