Rabin da Ƙuri'a Ta Bari

Litinin, 1 ga Satumba

Na gama shigar da amsoshin matasan unguwar a kwamfuta. Mutum ɗari biyu suka rubuta suna, gurbin koyon sana'a kuwa ɗari ne. Farfesa, shugabar bincikenmu a jami'a, ta ce ranar Asabar za a yi ƙuri'a: rabi su shiga horo, rabi mu riƙa bibiyarsu kawai, bayan shekara mu kwatanta mu ga ko horon yana rage faɗa da zaman banza. In alƙaluma suka nuna yana ragewa, jami'a za ta nemo kuɗin da za a faɗaɗa shi ga kowa. Ni dai tsarin ya yi mini. Ƙuri'a ba ta san ɗan gidan wane ba.

Baba Mai Walda, shugaban ƙungiyar unguwar, shi ya shiga da mu gida-gida. Ya ce, "'Yata, sun san rabi ba za su samu ba?" Na ce ai yana cikin takardar da suka sa wa hannu. Ya girgiza kai, wai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Laraba, 3 ga Satumba

Tsinke ya tare ni a bakin ofis. Dogon nan mai tabo a haɓa, wanda na tambaya sau nawa ya yi faɗa a wata, ya ce, "Da hannu ko da ƙarfe?" Yau da ladabinsa ya zo, har da rusunawa.

"Anti, gyaran waya nake so. Ki sa ni."

Na ce ba ni ke sawa ba, kwamfuta ce.

"Kwamfutar ba a hannunki take ba?"

Asabar, 6 ga Satumba

Wannan sai na rubuta.

A zauren makarantar firamare aka yi. Na danna, sunaye suka fito a bango, na fara karantawa. Da na kai na ƙarshe sai wurin ya yi tsit. Wani daga baya ya ce an yi cuwa-cuwa. Kujera ta tashi sama. Ban ga wanda ya jefa ta farko ba, ta biyun dai Tsinke ne. Ya hau kan benci ya taho, idonsa jajir, yana cewa, "Gwaji kuka zo yi da mu? Mu ɓeraye ne?" Ya fizgi kwamfutar ya maka da ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, wauta, ya kai mini gwiwa a baki. Na ji haƙori a kan harshena.

Baba ya shiga tsakani, hannu a sama, yana "Ɗana, ɗana." Ƙafar kujera Tsinke ya kwaɗa masa a ka. Ƙarar, kamar an fasa ƙwarya. Jini har kan takalmina. Dattijon da ya sha belinsa a wurin 'yan sanda.

Farfesa a ƙarƙashin tebur, ta rungume jaka. Ban ga laifinta ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

An ɗinke leɓen. Ba na iya shan ruwa sai da tsinken roba. Allah ya isa.

Talata, 9 ga Satumba

Baba ya farfaɗo. Maganarsa ta farko wai a rufe masa tukunyar gas a shago.

Yaya yana ta zagaye tsakar gida yana cewa a nuna masa gidan yaron. Mama ta ce masa ya zauna, fuska ɗaya da ta lalace ta ishe ta. Ni ban ce a nuna ba, ban ce kada a nuna ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba Yaya ba ne ya rama. Yaran shagon Baba ne, da wasu cikin waɗanda ƙuri'a ta ɗauka, don an ce za a dakatar da horon saboda Tsinke.

Ina cikin motar haya, tsakar rana, a cunkoson bakin kasuwa. Sun jawo shi daga bayan wani kanti, riga a yage. Gora, bel, bulo. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi bai tashi ba. Ɗaya ya taka masa hannun dama a kan dakalin kwata, wani ya ɗaga guduma. Da ya ɗaga karo na biyu sai na kawar da kai, amma kunne ba ya da murfi. Yana kiran innarsa, ƙaton nan.

Matar da ke gefena tana ta salati. Ni kuwa abin da ya fara zuwa bakina, madalla. Ban furta ba. Ya dai zo.

Ina sauka na yi amai a bakin titi.

Litinin, 15 ga Satumba

Taro a jami'a. Farfesa ta rame. Ta ce in muka tsaya, ɗarin ma sun rasa, kuma babu hujjar da za a nemo wa sauran gurbi. Gaskiya ne. Sannan ta ce in fitar mata da yawan waɗanda suka ɓace mana daga rabin da ba a ɗauka ba. Na fitar: wasu a tsare, wasu sun gudu, ɗaya a asibiti. Na jera su tsaf, na sa kashi cikin ɗari. Aikina ke nan, kuma na iya shi.

Juma'a, 26 ga Satumba

Zagayen bibiya na farko. Gidan su Tsinke ya faɗo cikin rabona. Na so in musanya da wani, sai na ji kunyar faɗin dalili.

Innarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kalli bakina, ta sunkuyar da kai. "'Yar nan, ki yafe. Tun ranar da kuka rubuta sunansa yake kwance tsohuwar wayata yana haɗawa, wai yana koyo kafin a fara."

Yana zaune a jikin bango, hannun a naɗe. Yatsa biyu suka rage masu motsi. Bai gaishe ni ba. Na fara karanta tambayoyin kamar yadda aka koya mana, murya ɗaya ga kowa. Da na zo kan "wace sana'a kake fatan yi nan da shekara", sai ya ɗago hannun ya nuna mini. Babu gurbin wannan amsar. Na tsallake.

Zan fita ya ce, "Anti, da gaske kwamfutar ce?" Na ce wallahi. Ya ce, "Da ma ke ce. Da na san wanda zan ƙi."

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je duba Baba a shago. Hira ce ta kawo, na ce ko mai hannun hagu zai iya riƙe ƙarfe a yi walda. Tambaya kawai na yi, ban roƙa ba. Ya shafa tabon kansa.

"Ba zai ɓata muku lissafi ba, 'yata?"

Na ce zai ɓata.

Talata, 21 ga Oktoba

Na rubuta wa Farfesa cewa mutum ɗaya daga rabin da ba a ɗauka ba yana koyon sana'a a wajen tsarinmu. Ta tambayi yadda aka yi, na ce zan zo in yi bayani da baki. Ban san me za ta yanke a kaina ba.

Da yamma na bi ta layin masu walda. Ɗaya hanyar taɓo ne, shi ya sa. Tsinke yana tsugune ya danne ƙarfe da hagu, Baba na yi masa tsawa, wanda ya ɗaga gudumar nan yana can ƙarshen shago ya juya baya. Ban tsaya ba.

Na dai rage tafiya, har ya gama layin waldar bai karkace ba.