Aiken da Iro ya karɓar mani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Ni dattijo ne, jikata ce ke rubuta mani, don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar.

Zamanin Turawa aka ɗauko mu daga ƙauyenmu na wajen Kusada, ni da ƙanena Iro, aka sa mu boko a ƙasar Kankia, mun riga mun tasa. Malaminmu na lissafi yana kwaikwayon Bature har a riƙon sigari, amma ba ya sayen ashana. Sai ya ba yaro kara ɗaya, ya je ya kunno a murhun mai ƙosai, can bakin hanya. Da nisa, in ba ka zuƙa ba sai wutar ta mutu kafin ka iso, in ta mutu ka sha bulala. Ni ya fara aika, tari ya sarƙe ni, ta mutu, ya zane ni. Washegari Iro ya ɗaga hannu ya ce shi za a riƙa aika, don kada a sake taɓa yayansa. Shekararsa sha uku.

Kafin kaka yara sun fara tare shi a hanya, wannan ya zuƙa, wancan ya zuƙa, wanda ya ƙi a kira shi baƙauye. Babanmu ya ji warin a rigar Iro ya je makaranta, Malam ya ce masa a gabanmu wai hayaƙi ba ya kashe namiji, ya koma gonarsa.

Iro ya bar sigari ya koma, ya rantse ya yi kaffara, har tsufa. A ƙarshe ko Fatiha ba ya iya ja sai ya tsaya neman numfashi. Watan jiya muka kai shi makwancinsa.

Yanzu tsofaffin ɗalibai sun gina aji, za a sa masa sunan Malam, wai ni kaɗai na rage cikin waɗanda ya koyar, in zo ranar Asabar in yi jawabi. Ɗan Malam da kansa ya zo ya durƙusa yana ce mani Baba, kuma shi bai yi mani komai ba. Matata ta ce ba a tona asirin mamaci, ai da lissafinsa na ci abinci. Gaskiyarta. Amma raina tafasa yake.

In je in yabe shi ne, in faɗi gaskiya gaban jikokinsa, ko in ƙi zuwa? Kafin ku ce in yi haƙuri, ku tuna sigarin nan aikena ne. Iro karɓar mani ya yi.