Gida na Huɗu a Takardar Neman Aiki

Assalamu alaikum, 'yar'uwa mai wannan fili. Ki gafarce ni da na ɗora miki nawa a kan na jama'a, na san akwai waɗanda suka fi ni damuwa. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Don Allah ki taimake ni.

Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata, shekara tara ina koyar da Alƙur'ani da tajwidi. Ban taɓa zama a bencin boko ba. A gaban mahaifina na yi karatu, Allah ya jiƙansa, na haddace, na yi littattafai. Wannan rubutun bokon ma 'ya'yana suka koya mini da girmana.

Ranar da na je neman aikin aka ba ni takarda in cike, Larabci a dama, Turanci a hagu. Wajen matakin ilimi gida huɗu ne: firamare, sakandare, difloma, sai bakaloriyos. Babu gidan allo. Mijin babbar 'yata ne ya raka ni. Ya yi dariya, ya ce mai izu sittin a ka ai ta wuce gida ukun nan, ya ɗora biro a na huɗu. Na ga kalmar da baƙaƙen Larabci, na ɗauka wani mataki ne na irin karatunmu, na sa hannu. Suka ji karatuna, suka ɗauke ni, ba wanda ya nemi shaida.

Ba zan ɓoye miki ba, kafin wata ya ƙare na gane digirin farko na jami'a ake nufi. Na yi shiru. Yau, gobe, har shekara tara. Ni ce kuma mai tsayawa gaban allo ina gaya wa yara hukuncin maƙaryaci.

To yanzu sabuwar shugaba ta bi fayil ɗinmu, ta ce ni za a ba ragamar sashenmu, tunda doka ta ce sai mai digiri, ni kuma na fi kowa daɗewa. Akwai wata malama da muke teburi ɗaya, sa'ar 'yata, ita da goyo a baya ta yi nata digirin na gaske. Ita ta fara yi mini murna. Mama take kirana, har jakata take karɓa a bakin ƙofa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauko ƙamus ɗin Larabci na mahaifina na bi babin harafin ba har ƙarshe, ban ga kalmar bakaloriyos ba. Shi ne nake tambaya: mene ne asalinta? In ma'anarta wanda ya kammala zangon farko na ilimi ce, to ai ban yi ƙarya ba. Ko kuwa inuwar fakewa nake nema? Litinin ta sama zan ba shugaba amsa. Ki taimaka ki amsa mini kafin ranar.

Malamar aji biyu

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki dame ni ba ko kaɗan.

Ba za ki same ta a wancan ƙamus ba, don ba Balarabiya ba ce, baƙuwa ce. Larabawa sun aro ta daga Latin, harshen tsofaffin jami'o'in Turai. A can ana faɗarta ga matashin da ya iya aiki amma bai kai ya zama maigidan kansa ba, daga baya aka ba ɗalibin da ya gama zangon farko. Ita ma digiri, da muka aro daga Turanci, tushenta matakala ne.

Na san kin fara ajiyar zuciya. Dakata. Mai takardar ba tarihin kalma ya tambaye ki ba. Ya tambaya ne ko jami'a ta ba ki shaida, kin kuma san amsar tun watan farko. Da asalin kalma yana wanke mutum, ba za ki yaga wasiƙa uku ba.

Sai dai kada ki ɗauki kayan da ba naki ba. Takardar da ba ta da gidan allo ita ce mai giɓi, ba iliminki ba. Surukinki ya yi karambani, ko da yake ƙauna ce ta sa shi. Kuma karatunki aka saurara aka ɗauke ki. Naki laifin shirun ne. Zuwa yau bai ci haƙƙin kowa a fili ba, amma ranar Litinin zai hau kujerar yarinyar da take karɓar jakarki.

Kada ki jira Litinin. Ki sami shugaba ita kaɗai, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini, ki roƙi a gyara fayil a rubuta abin da kike da shi: hadda, da littattafan da kika sauke, da sunan malaminki. Ba zan yi miki alkawarin ba za ta ɓata rai ba. Amma da bakinki ta ji ya fi ta tono da kanta. Daga nan ki gaya wa abokiyar teburinki kafin ta ji a bakin wani, in aka ba ta ragamar ki zama ta farko da za ta yi mata murna.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ki koma gaban allonki kina iya kallon yaran ido da ido.